Malam Abdulmumini Mai Dangwalin Waya

Kafin mai ƙosan bakin get ta ɗora kasko, ya riga ya jingine babur ɗinsa a gindin dogon yaro. Haka Malam Abdulmumini yake tun ranar da aka buɗe cibiyar jarrabawar kwamfuta ta Alhaji Babakura a nan Azare. Ni ce mai ƙosan, don haka kada wani ya ce ji na yi. Zai yi sallama a taƙaice kamar mai sayen magana a kasuwa, ya tuɓe takalmi a ƙofar hol ɗin jarrabawa, ya shiga. Ba ya kunna komai sai ya bi layi-layi yana shafa wayoyi, yana leƙa ƙarƙashin tebura, kai a ƙasa ƙugu a sama, mutum da babbar difloma. Daga nan ya tada janareto, ya tsaya yana kallon ƴan korayen fitilu suna ƙyafta ido ɗaya bayan ɗaya. Sai ta ƙarshe ta ƙyafta yake fitowa shan koko.

Wannan mutumin aka karɓe wa makulli makon jiya. Korar ma ba ta ishe su ba, sai da suka bi shi da baƙin suna. Wai mugu ne. Wai ya ƙulle na'urori don kada kowa ya ci abinci sai shi. Wai shi ya so ya kashe wa yaran Katagum jarrabawa. Har a gidan suna na ji wata tana faɗa, bakinta cike da wainar mutane, alhali ɗanta na cikin waɗanda suka ci. To tun da masu karatu sun haɗiye harshensu, bari tsohuwa ta yi magana.

Ga wanda bai taɓa leƙa hol ɗin ba, kwamfutocin ciki ba irin manyan nan ba ne na ofis. Ƴan akwatuna ne baƙaƙe, kowanne bai fi sandar sabulu ba, an ajiye shi bayan allo. Cikinsu fayau, ba sa riƙe komai. Tambaya da amsa duk suna wajen wata babbar na'ura da ake ce wa saba, can a ƙuryar ɗaki mai sanyi, kowane akwati da shuɗiyar wayar da ta kai shi gare ta. Shi Malam, da yake a rugar Sakwa aka yanke masa cibiya, ga yadda ya taɓa bayyana mini:

"Goggo, saba ita ce saniya, akwatunan nan maruƙa. Kin san dangwali?"

Na ce na san igiyar nan mai zarge-zarge da ake jera maruƙa a jikinta.

Ya ce, "To kowane maraƙi da zargensa. Na sa wa kowane akwati shaida a cikinsa, na koya wa kowace kafar waya ta gane nata. In kin kawo baƙo kin cusa, uwar za ta shinshina, ta ɗauke nono, kafar ta rufe kanta. Kafofin da ba maraƙi kuma na toshe su."

Nan gaba ta samo asali. Ma'aikatan cibiyar sun so su riƙa zare waya suna cusawa a laftof ɗinsu su sauke fim da ƙwallo. Kowa ya gwada, shiru. Suka sa masa suna Mai Rowa. Shi kuwa, in faɗi gaskiya, ba ya taimakon kansa. Fuska kamar an aiko masa da rasuwa, magana ba gishiri. Ka roƙe shi ya buɗe maka kafa ɗaya, sai ya ce "A'a" ya ci gaba da matse kan waya da ɗan filayarsa, ko uzurin ƙarya na mutunci ba zai ƙirƙiro maka ba. Amma wannan mai rowar shi ne da ɓeraye suka ci wayoyi da damina ya zura su cikin bututu da hannunsa, gwiwarsa duk ta saɓule. Guntayen wayar da suka rage kuma ya raba wa matan unguwa, yau rabin gidajen layinmu da ita ake shanya.

Mutum ɗaya ce ke sa shi dariya: Ya Fanna mai shara, Babarbariya, abokiyar wasansa. Kullum ta gan shi ƙarƙashin tebur sai ta ce, "Ɗan Fulani, nono kake nema? Ba saniya a nan." Shi kuma ya ce, "Baiwata, share can, kada tsintsiyarki ta taɓa mini dukiya."

Ranar Juma'ar da gobenta jarrabawar shiga jami'a, ya gwada komai da safe, fitilu duk kore, ya rufe, ya tafi Sakwa sunan ɗan ƙanwarsa. Yana ba da baya Sha'aban ya shigo. Sha'aban shi ne manaja, kuma ƙanin uwargidan Alhaji, wannan kuwa ita ce babbar takardar shaidarsa. Ya ce baƙi masu sa ido za su zo daga hukumar jarrabawa, abin kunya ne su tarar da siminti tsirara, dole a shimfiɗa sabon kafet. Ya sa aka zare akwatunan nan kaf, aka tara su waje guda kamar dankali. Ya ce wa Ya Fanna ta goge su da ruwan omo, har da ƴan sitikun lamba da ke jikinsu, wai sun yi dauɗa.

Ta ce, "Manaja, ɗan Fulanin nan fa ya ce kada a raba su da wayoyinsu."

Ya ce, "Ke da shi wa ke biyan wani? Duk baƙaƙe ne, duk ɗaya ne. A mayar da su ko'ina."

Ka ji ɗan birni. Shi in ya ga garke, farare ne kawai.

Asabar da sassafe get ya cika. Yara daga Gadau, daga Zadawa, wasu tun jiya suka kwana gidan dangi. Jikata Dijatu na cikinsu, wannan ne zamanta na biyu, ko ƙosai ta kasa ci. Malam ya tuɓe takalmi, ƙafarsa ta taka laushi inda ta saba taka siminti. Ya tada janareto. Ya jira. Ko fitila ɗaya ba ta ƙyafta ba. Kowane maraƙi na kan zargen wani, kowace kafa ta rufe kanta.

Ya Fanna, wadda duk abin da ya biyo baya a gabanta aka yi, ta ce bai yi ihu ba. Ya ɗaga akwati ɗaya, ya ga inda sitika take ya yi fes, ya runtse ido.

Sai ga Alhaji Babakura, babbar riga na jan ƙasa, Sha'aban a bayansa, ga kuma Hajiya Suwaiba shugabar masu sa ido tana duba agogo. Sha'aban ya riga kowa buɗe baki.

"Ka gani ko, Alhaji? Na sha faɗa maka. Ya ƙulle komai don ya zama shi kaɗai ne boka. Malam, ba ka iya cire ƙullin ba ne?"

"Na iya."

"Minti nawa?"

"Kafin ka gama shan shayi."

"To cire mana! Buɗe duka, kowace waya ta karɓi kowace na'ura, yara su shiga!"

Alhaji ya sassauta murya. "Malam, don Allah. Dubi ƴaƴan mutane a rana. Buɗe na yau kawai."

Nan ne fa aka gane namiji. Ya san in ya buɗe, cikin ƙiftawar ido kowa zai yi murmushi, a ce masa sannu da aiki. Ya kuma san kafa buɗaɗɗiya ba ta tambayar wa ya shigo, kuma in hukuma ta gano baƙuwar na'ura a layi, ba sakamakon mai laifi kaɗai za ta riƙe ba, na duk yaran hol ɗin ne. Ya dubi Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan kwance dangwali ranar kasuwa ba. Hajiya, a ba ni lokaci, zan mayar da kowa wurinsa."

Sha'aban ya ce, "Da me? Lambobin sun goge!"

Malam ya kifa akwatin. Ashe a gindin kowanne akwai ƴan tsage da ya yi da bakin wuƙa tun suna sababbi, irin yadda ake tsaga kunnen maraƙi a rugarsu: na hagu layi, na dama kujera. Omo ba ya wanke tsaga.

Hajiya Suwaiba ta yi waya, aka ba ta izinin jinkiri. Ma'aikatan da ke ce masa Mai Rowa suka harɗe hannu suna kallo. Ya Fanna ce ta fito da gudu ta fizge farantin ƙosaina, ta zazzage mini shi a kwano ko izini babu, ta koma tana jera akwatuna a kai kamar mai tallan goro.

"Faɗi, makiyayi, ina wannan za shi?"

"Layin taga, kusa da fanka. A hankali, Babarbariya, ba buhun kanwa ba ne!"

"Rufe mini baki, yau ni ce uwar garkenka."

A waje kuwa iyaye sun fara tafasa, domin Sha'aban ya leƙo get ya sanar wai injiniya ne ya yi taurin kai. Da kunnena na ji ana tsine wa mutumin da ke rarrafe a ƙarƙashin tebura domin ƴaƴansu, gumi ya jiƙe shi har wando.

Hantsi ya ɗaga lokacin da fitilu suka fara ƙyaftawa. Kowane akwati ya sami kafarsa. Sai Malam ya je inda wayoyin duka ke haɗuwa, ya ga waya guda ta yi saura, sabuwa dal, an cusa ta a kafar da ya toshe, fitilarta a mace. Ya zare ta, ya ɗaga sama a gaban kowa.

"Wannan maraƙin na wane ne? Ba nawa ba ne."

Alhaji ya ce a hankali, "Malam, bari sai an tashi."

Bai bari ba. Ya bi wayar yana naɗe sabon kafet ɗin nan na karɓar baƙi, Hajiya Suwaiba na biye da shi, har jikin bango, inda aka huda sabon rami zuwa sito. Aka buɗe sito. Ga tebur, ga laftof, ga fanka, ga fulas ɗin shayi, ga wani malamin lesin zaune ya naɗe hannun riga yana jiran layi ya kawo ya fara amsa wa ƴaƴan masu hali tambayoyin jarrabawa daga ɓoye. Ya Fanna ta rantse wai har da biredi a kan teburin.

Hajiya Suwaiba ta sa aka tafi da mai lesin. Ta duba saba ta ga baƙuwar na'urar ko ƙofa ba ta samu ba, don haka ta ce jarrabawa ta halatta. Yara suka shiga. Sakamako ya fito, ba a riƙe na kowa ba. Dijatu ta ci.

To sai me? Sha'aban ya ce shi bai san komai ba, wayar kyamara ce, mai lesin kuma hutawa ya shiga yi. Aka tura shi Kano ya sha iska ya dawo kujerarsa. Malam kuwa aka kira shi ofis aka ce ba shi da ladabi, ya tona asirin gida a gaban baƙi, ya ajiye makulli. Wato mai huda bango ɗan gida ne, mai nuna ramin shi ne mara kunya! Kai jama'a, wace irin kunya ce wannan da ake rufe ta da kafet? Alhaji, na girme ka, kuma na san ka tun kana tallan rake: da ba don mutumin da ka kora ba, da yau cibiyarka ɗakin ajiye gyaɗa ce.

Malam Abdulmumini, kai ne makiyayin da ba ya kwance dangwali don a yi masa murmushi. Na Sakwa, gagara kutse. Kai ne ka zaɓi zagin safiya ɗaya a kan kukan gidaje ɗari. Fuskarka ba fara'a, mun ji, amma fara'ar Sha'aban me ta haifa? Mun gode. Dijatu ta gode. Uwayen da suka tsine maka a get ma sun gode, nauyin baki ne ya hana su faɗa. Allah ya buɗa maka ƙofar da ta fi wadda aka rufe, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku kuma samarin da ke koyon aikin waya a garin nan, ku dube shi. Matse kan waya kowa na iya koya a wata guda. Cewa "A'a" ga mai gidanka yara na rana, wannan shi ne aikin.

Shekaranjiya ya biyo ya yi mini sallama, zai koma Sakwa wajen shanun mahaifinsa kafin Allah ya kawo wani aikin. Ya ce, "Goggo, bar su su faɗi abin da suke so." Na ce shi ya bar su, ni ban bari ba. Na roƙe shi abu ɗaya, ya ciro shi daga jakar babur ya ba ni: wayar nan ta sito.

Na ɗaure ta daga dogon yaro zuwa ƙarfen get, daidai inda motar manaja ke wucewa. A kanta nake shanya tsumman goge kasko. Duk wanda ya zo sayen ƙosai sai ya ce, "Iya, ina kika samu sabuwar igiya haka?" Ni kuma sai in ce ya jawo benci ya zauna, mai bai yi zafi ba tukuna.