Mai Tuta da Kekunansa

Shekara talatin Mai Tuta yana tsaron mahaɗar titi da layin dogo. Da jirgi ya daina zuwa aka sallame shi, amma shi bai sallami kansa ba. Kullum da safe sai ya rataya usur, ya ɗauki jar tutarsa, ya zauna bakin layin da awaki suka gada.

Matarsa takan ce, "Maigida, kasuwa ta tashi, kai kaɗai ka rage."

Da aka tumɓuke ƙarafan layin aka shimfiɗa hanyar kekuna a wurin, kwana uku bai kula kowa ba. Rana ta huɗu ya hango wata dattijuwa tafe bisa keke tana tangal-tangal. Bai san sanda ya busa usur ya sauke sandar shinge ba. Motoci goma suka tsaya cak har ta wuce. Tun daga ranar, ko keken yara sai an tsaya masa.

Bana aka ce wataƙila a dawo da jirgi. Matarsa ta kawo masa albishir da gudu. Ya ɗaure fuska ya ce:

"Shekara goma sha biyu na jira shi. In ya zo, shi ma ya tsaya kekuna su wuce."