Tsinken Auna Ƙafa

Jiya a wani lambu a unguwar Al-Shifa da ke Riyad, wani uba ya durƙusa gaban 'yarsa ya cire mata takalmi.

Tun da suka rabu da mahaifiyarta, ni ke kawo masa yarinyar duk Juma'a, in zauna gefe ina kallo har lokaci ya cika.

Sai ya zaro tsinken tsintsiya daga aljihu yana auna ƙafarta, wai takalmin Sallah zai saya mata.

Ta yi dariya ta ce, "Ya Baba, a Riyad lamba ake dubawa!"

Ya ce, "Na sani, Mamana. Ƙafar nake so in riƙe."

Wallahi kau da kai na yi. Ku fa, wa ya taɓa auna muku ƙafa da tsinke?