Igiyar Rijiyar Samnu

Jiya maƙwabciyata a unguwar Sukra, a nan ƙasar Larabawa, ta shanya jiƙaƙƙiyar igiyar kaba a kan katangarmu. Ƙamshinta na bugun hancina sai ga ni a bakin rijiyar wata gona a garin Samnu, ina 'yar shekara tara. Bari in ba ku labarin bi da bi, don ba na son a fara abu daga tsakiya.

Da farko gonar. Ta wani Balarabe ce, dabino da albasa da tumatir. Kakana, wanda ya zo daga ƙasar Damagaram tun ba a haife ni ba, shi ne babban ma'aikata. Akwai mahaifina, da wani Bazabarme, da wani direba ɗan Agadas mai son jefa Faransanci, da ƙanin mai gonar.

Na biyu, kalmar. "La" ce, harafi biyu tak. A bakin Balarabe tana nufin a'a. A bakin direba tana nufin nan ko can, yana faɗa yana nuni da leɓe. Bazabarme ya ce a garinsu kuɓewa ce. Mu kuwa mamaki ke fito da ita. Ranar da na gano haka ban zauna ba. Na bi kowa ina tambaya, na dawo da gudu na lissafa wa kaka da yatsu. Ya yi dariya ya ce, uwargida, da ma wayon nan kika sa a tuwona da na yi ƙiba. Haka yake tsokanata kullum. Sannan ya ce abin da ya ba ni daɗin nan shi ya sa ya hana magana a bakin rijiya: baki huɗu, kunne huɗu, mutum ɗaya a ƙasa, ba zai jingina ran kowa da harshe ba.

Na uku, dokar. Kowace shekara, bayan iskar hamada da ake kira gibli ta gama zuba yashi, sai a yashe rijiya kafin zafi ya kankama. Mai shiga yana da igiyoyi biyu: babba a ƙugu, siririya a wuyan hannu. Ja ɗaya, a ƙara saki. Ja biyu, a ɗago guga. Ja uku, a fitar da shi. Mai riƙe siririyar a sama dole ya zama jinin na ƙasa, kuma lokaci lokaci zai ɗan ja, na ƙasa ya amsa. In bai amsa ba, mai riƙo ya ɗaga hannu biyu, a fito da mutum ba tambaya.

A shekarar hannun kaka ya soma rawa. Mahaifina ne mai shiga, ni ce kuma babbar 'yarsa, sai riƙon igiya ya faɗo kaina. Mahaifiyata ta ce yarinya ce, hankalinta na wurin tsuntsaye. Kaka ya ce yarinyar da ta bi kalma ɗaya gida huɗu ba za ta saki zare ba. Kwana uku ina gwaji da ƙafar akuya, ina yawo ina faɗa wa kowa har itatuwan dabino.

Da hantsi aka zura fitila don gwada iskar ƙasa, ta dawo da wutarta. Mahaifina ya yi bisimilla ya sauka. Wuri ya yi tsit, sai kukan kwarkwaron jan igiya da tattabaru. Igiyar tana da rai a tafina kamar kifi. Ja biyu, in ɗaga yatsu biyu, maza su ja, guga ya fito da baƙin yashi mai sanyi da warin ƙasa. Manyan mutane huɗu suna kallon yatsuna! Har yau ban ƙara jin girma irin na ranar ba.

Guga na goma sha ɗaya ya fito, aka mayar. Na jira. Na ɗan ja. Shiru. Na sake ja, igiyar ta biyo ni laɓo-laɓo, ba nauyin hannu a ƙarshenta. Na ɗaga hannuwana biyu.

Ƙanin mai gona ya girgiza kai, don yanzun nan ya ga guga ya fito a cike. Direba ya leƙa yana shirin kiran sunan mahaifina. Kaka bai dubi rijiya ba, ni ya duba. Ya kama babbar igiya da hannunsa mai rawa, sauran suka bi. Mahaifina ya fito kansa a langaɓe, leɓensa ya yi toka. Iskar ƙasan ce ta ɓaci bayan an tono ruɓaɓɓiyar laka. Aka kwantar da shi a inuwa, aka yayyafa masa ruwa, mahaifiyata na fifita da mayafinta.

Da ya buɗe ido ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya wa ya fitar da shi bai gama ba, kuma shebur ɗinsa na ciki. Kowa ya fashe da dariya, kowa da yarensa, mahaifiyata tana yi tana share ido.

Kaka ya kwance siririyar igiyar daga hannun ɗansa, ya naɗe, ya ba ni. "Riƙe, uwargida. Yau na yafe miki tuwon."

Yanzu rijiyar an rufe ta da siminti, inji ke jawo ruwa. Jikokina suna haɗa Larabci da Hausa a jimla ɗaya, suna kiran mutum a waya sau goma ba su damu in bai ɗauka ba. Ni ban iya ba. Mahaifina ya tsufa, ya koma gida Damagaram. Kowace Juma'a ina kiransa sau ɗaya. In bai amsa ba, ina sake kira. In na biyun ma shiru, sai in tayar da duk dangi su je su buga ƙofarsa. Yana faɗa, yana cewa na mai da shi yaro. Ni dai doka na sani, kuma igiyar tana nan cikin akwatina.