Kada a Share Hazon Baba Ishaya

Da safiyar nan labari ya iske ni: Baba Ishaya mai hoto na unguwar Fadikpe ya rasu.

Ni ne Mubarak, mai digiri a fasahar sadarwa, kuma ɗalibin marigayin na tsawon shekara biyu. Manufar wannan rubutu biyu ce: ta'aziyya, da kuma dakatar da wata ɓarna kafin ta kai injin bugawa.

Ranar da na fara shiga shagonsa da takarduna a hammata, na yi masa lacca a kan falsafar haske. Ya bari na gama, ya miƙo mini dafaffiyar gyaɗa, ya ce, "Farfesa, zauna ka ci. Turancin nan da yunwa a cikinsa."

Sunan ya bi ni har yau.

Shi ya koya mini cewa kyamara ba ta san hazon damina ba, toka-toka take mayar da shi. Aikin mai gyara shi ne ya ɗaga hasken sannu a hankali, ya sassauta inuwa, ya bar abu ɗaya tak mai duhu inda ido zai sauka. Idan na zarce, sai ya bugi bayan kujerata: "Ka ƙona farin! Takarda ka ba ni ko hoto?"

Mako uku da suka wuce ya hau tudun bayan Bosso da sassafe, bayan an kwana ana ruwa, ƙafarsa a kumbure. Ya ɗauko hoton bishiyar ɗorawa ɗaya a cikin hazo, da wata mata ɗauke da itace a kafaɗa. Idonsa ya daina jure allon kwamfuta, saboda haka ya ba ni katin kyamarar in gyara masa hoton.

Na ce, "Baba, wannan ai aikin minti goma ne."

Ya ce, "To Farfesa, Allah ya ba mu aron minti goman."

Ban yi ba. Sau biyu ya kira, na ce ina da uzurori masu muhimmanci. Ranar da ya ba ni katin ce ganinmu na ƙarshe, kuma ba ni da wata babbar kalma da zan rufe wannan sakacin da ita.

Yanzu ga abin da ya hana ni zama. Sanarwar rasuwar da babban ɗansa, Yaya Bitrus, ya fitar tana ɗauke da wannan hoton, an ce shi za a sa a bangon littafin jana'iza ranar Alhamis. Amma ɗanyen kwafin da ke kwamfutar shago, wanda ba a gyara ba, aka kai wa mai bugawa, shi kuwa ya ɗauka hazon datti ne, ya goge shi tas. Ga turakun lantarki sun fito, ga kangon gini, ga juji a gindin ɗorawar, sama ta yi baƙi kamar gindin tukunya. A ƙasa an rubuta sunan Baba.

Na kira Yaya Bitrus. Ya ce, "Mubarak, ubana ke kwance a mutuware, kai kana maganar hazo?" Ya kashe waya.

Kana da gaskiya, Yaya. Laifin nawa ne, ba naka ba. Amma mutumin da ya ja kumburarriyar ƙafa ya hau tudu saboda wannan hazon bai cancanci a sallame shi da hoton juji ba. Na gama gyaran ɗazu, yadda Baba ya koyar, na turo maka, yana cikin wayarka.

Allah ya ba shi hutawa, ya ba matarsa Mama Rifkatu da 'ya'yanta haƙuri, ni kuma ya yafe mini. Duk wanda Baba ya taɓa ɗauka hoto, Musulmi ko Kirista, ya sa shi a addu'a.

Yaya Bitrus, cikin girmamawa, ina neman amsarka a rubuce kafin azahar ɗin Laraba. Ko "to" kaɗai ka rubuta, ta ishe ni.