Ungozomar Tlatelolko

A unguwar masu kwalekwale ta Tlatelolko, birnin da ke tsakiyar tafki, da wuya ka sami yaron da bai faɗo a hannun Nekawal ba. Gajeruwar mace ce mai faɗin tafi, ga baki. A wurin gwaggonta ta gaji ungozomanci. In mai naƙuda ta fara raki, sai ta ce, "Ranar da kike yi masa fari da ido a bayan gonar masara ai ba ki kira ni ba. Yunƙura, 'yar nan." Dariya ta suɓuce wa mai naƙuda, sai ga kai ya fito.

In ta yanke cibi, takan ɗiga wa jariri ruwa a baki da ƙirji, ta kira sunan Calciwitlikwe, uwar tafki da suke bauta wa, ta ce, "Ga wadda za ta riƙe ka nan." Cibiyar mace a gindin murhu ake binne ta. Ta namiji kuwa mayaƙa ake ba su kai fagen fama. Haka aka yi da ta ɗan Nekawal tilo, Kwishtli, ya kuma tashi da garkuwa a hannu.

Shekarar da fararen mutane masu gemu suka shigo birni aka kore su, sai suka bar agana a baya. Ita ta ɗauke mijin Nekawal. Ƙuraje suka cinye fuskarsa, har da ta zo naɗe shi sai ta tabon ƙafarsa ta tabbatar shi ne. Ba a gama makoki ba baƙin suka dawo tare da mayaƙan Tlashkala, abokan gabar birnin, suka kewaye tafki, suka datse hanyar ruwan sha. Mutane suka koma shan ruwan zartsi, suna cin ƙadangaru da ɓawon itace.

A cikin wannan hali naƙuda ta kama Mosel, matar Kwishtli, shi kuwa yana bakin daga. Yarinyar ta rame, ba abin da ya rage sai ciki da idanu.

"Inna, ba ni da ƙarfi," in ji Mosel.

"Ƙarfin da kika ƙwace min ɗa da shi fa, ina kika kai shi?"

Mosel ta dube ta kawai, ba ta yi dariya ba. Da rana ta karkata ta haifi 'ya mace, jini ya ɓalle, Nekawal ta yi duk abin da ta sani bai tsaya ba.

A al'adarsu, macen da ta mutu a kan gwiwa jaruma ce. Akan fasa bangon bayan gida a fitar da ita, tsofaffin ungozomomi su raka ta da garkuwa da guɗa, don za ta je ta riƙa rakiyar rana zuwa mafaɗarta. Wannan karon ba sai an fasa bango ba, igwa ta riga ta fasa. Nekawal ita kaɗai ta ja gawar zuwa bakin ruwa, inda wasu gawawwakin ke jibge. Jaririyar ta yi ta tsotsar yatsan kakarta har muryarta ta dushe. Mai duban kwanaki da zai raɗa mata suna ya mutu, haka jaririyar ta rasu ba suna.

Da birni ya faɗi, aka kora mutane ta kan gadar ƙasa. A nan Nekawal ta hango Kwishtli cikin jerin samarin da aka ware, ana ɗora musu ƙarfe mai zafi a kunci, tambarin zama bayi.

"Inna, ina Mosel?" ya tambaya.

"Tana gaba," ta ce.

"To ki bi ta. Kada ki tsaya kallo."

Ta tsaya, ta kalla. Daga ranar ba ta sake jin labarinsa ba.

Bayan an sake gina gari da duwatsun ɗakunan bauta, malaman baƙi suka zuba mata ruwa a ka, suka ce sunanta Ines. Ana dai kiranta haihuwa jefi-jefi. Wata rana a gidan wani masaƙin tabarma ta karɓi ɗa namiji, ta tsoma hannu a ruwa, ta fara kiran uwar tafki. Uban ya leƙo a firgice.

"Iya, ki rufa mana asiri. Kin manta ungozomar da aka aske wa kai a kasuwa kan irin wannan?"

"To ni wa zan danƙa wa yaron?"

"Ki wanke shi kawai. Gobe za a kai shi coci."

Ta wanke shi shiru kamar mai wanke ƙwarya, ta miƙa wa uwar. Aka ba ta wainar masara, ta bar ta a nan. Tun daga lokacin, duk wanda ya zo kiranta sai ta ce idonta ya mutu.

Ta ƙare rayuwarta a gidan wani Basifaniye, ɗaya daga cikin baƙin, tana niƙan masara. Wata safiya kukan wata baiwa mai naƙuda ya cika tsakar gidan. Abokiyar niƙanta ta zungure ta.

"Ines, an ce kin iya. Tashi mana."

"A haifi jaririn ya yi me?" in ji Nekawal.

Ta ƙara masara a kan dutse, ta ci gaba da niƙa.