'Yar Mai Hoto da Jan Ƙwan Lantarki

Haihuwarta

An haifi marigayiya, wadda aka fi sani da 'Yar Mai Hoto, a shekarar 1961, a wani ƙaramin gari mai tashar jirgin ƙasa. Mahaifiyarta ungozoma ce, mahaifinta kuwa mai ɗaukar hoto, kuma a ɗakin duhu na shagonsa, wurin wanke hoto, ta yi wayo, inda ba a kunna komai sai jan ƙwan lantarki, don kada haske ya lalata hoto.

Ilimi da Aure

Ta kammala digiri a ilimin sinadarai a 1984, ta auri wani malamin lissafi mai yawan barkwanci a 1986, Allah Ya azurta su da 'ya'ya uku.

Aikinta

A 1995 ta kama aiki a wata cibiyar binciken ciwon daji, ta duƙufa kan wani sinadari, furotin, da ke kashe ƙwayar cutar da zarar haske ya taɓa shi. Da yake haske ba ya kaiwa ga ƙarin da ke can cikin jiki, sai ta haɗa furotin ɗin da wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, masu ƙyalli idan hasken eksire, irin na hoton ƙashi a asibiti, ya ratsa jiki ya same su, don ƙyallin nasu ya tayar da furotin ɗin. Shekara da shekaru gwajin yana cin tura.

A 2009 aka cire wa babbar 'yarta ƙari a hanta, likitoci suka ce zai dawo. A shekarar ce marigayiyar ta gano cewa fitilun ɗakin bincike ke cinye ƙarfin furotin tun kafin a zuba shi a allura. Ta sa aka rufe tagogi da baƙin yadi, aka rataya jan ƙwan lantarki, gwaji ya yi kyau. Mijinta ya ce, “Duk wannan karatu, ashe shagon Baba kika koma!”

Ciwon ya dawo a 2016, aka sa 'yar cikin marasa lafiyar farko da aka gwada maganin a kansu. Da yake ita uwa ce, ƙa'ida ta hana marigayiyar shiga ɗakin gwajin, sai ta zauna a benci tare da sauran iyaye.

Rasuwarta

Ta rasu a 2023 bayan gajeriyar jinya, aka binne ta kusa da mahaifinta. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: autansu injiniya, na tsakiya malamin makaranta, da babbarsu, wadda aka ce ba za ta ga 2017 ba, kuma ita ce ta rufe wa mahaifiyarta ido.