Dawo Biyar da Tsinke Huɗu

Shekarar da soja suka miƙa mulki, 'yata ta fari tana babbar sakandare, muna zaune gidan haya a Agege, ɗaki na kallon ɗaki. Ƙofar da ke kallon tamu ta wata 'yar Kudancin Kaduna ce, ma'aikaciyar jinya, mai fara'a. Ba ta taɓa yi mini komai ba. Laifinta ɗaya, 'yar nan tawa da ta sauka daga motar danfo sai ta ajiye jaka ta ce, "Inna, bari in je wurin Anti," abincin da na rufe mata ya huce.

Ni ban wuce aji uku ba, amma kunnena ba ya barci. Ina tankaɗe a baranda na ji Anti tana koya mata wata iska wai ita metan, mai tashi daga juji da tumbin shanu. Wai kabon ɗaya a tsakiya, haidurojin huɗu riƙe da shi, kuma malaminsu ya ce kowa ya haɗo siffarta da hannu ya kawo. Na ce a raina, in dai mulmulawa ce, ai sana'ata ce, fura nake sayarwa.

Washegari na mulmula dawo babba guda da ƙanana huɗu, na karɓo tsinke wurin mai tsire, na soka su gabas da yamma, kudu da arewa, na shimfiɗa a faifai. Har da barbaɗa gari.

Da 'yata ta dawo na buɗe mata. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai, Inna! Ai ba kwance suke ba."

"To a tsaye za su kwana?"

Ta sure faifan ta tsallaka. "Anti, zo ki ga abin da Inna ta yi!"

Na bi ta, ludayi a hannuna. Anti ba ta yi dariya ba, da ma ta yi, da na samu abin riƙewa. Ta ce, "Hajiya, hannunki da kyau fa." Ta zare tsinke uku ta mayar da su ƙasa kamar ƙafafun kujera, na huɗun ta tsayar sama. Abin ya zauna daram. Ta ce kowanne neman nesa yake da ɗan'uwansa, shi ya sa ba sa kwanciya.

Na ce, "Ashe warin kwata kuke karantawa."

"Ita ba ta da wari, Inna," in ji 'yata, da irin muryar Anti sak. Ta shiga yi mini bayani wai kowane tsinke tarayya ce, kabon ya kawo kaso ɗaya, haidurojin ya kawo kaso ɗaya, su riƙe tare, ba mai ƙwace wa wani. Anti tana gyaɗa kai, ita kuma fuskar Anti take duba ko ta faɗa daidai.

Da safe ta kai shi makaranta cikin kwanon shan furata. Da yamma na tare ta tun daga bakin ƙofa na ce me malam ya ce.

"Ya yaba. Ya ce wa ya taya ni."

"Kika ce wa?"

"Na ce Inna ta mulmula, Anti ta tayar."

Sunana ne a gaba, na lura da wannan. Na karɓi kwanona, dawon ya soma tsami, na dama shi da nono na shanye ni kaɗai, ban ɗiba wa kowa ba. Ina kurɓar ƙarshe na ji ta a ƙofar can tana sake ba da labarin, ya fi wanda ta ba ni tsawo.